Gayyar da Ta Kai Tumu

Akwai abubuwa da yawa da shekaru suka wanke mini daga kai, sai an tuna mini nake cewa "au, haka fa aka yi." Amma daminar da ruwa ya ci ƙauyenmu, da abin da ya biyo baya a tsakar gidan mahaifina, wannan kam ko tsufa ya kai ni inda ba na gane jikokina ba na jin zan manta da shi.

Ƙauyenmu yana gefen Sandamu. Ni a lokacin ina aure a cikin garin Daura, can wajejen Kusugu, ina koyarwa a firamare. Ni ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa tun ina rarrafe "Uwata" yake kirana. Duk gidanmu an sallama mini wajen baki da saurin hawa. Ban taɓa musun wannan ba, har yau ma da furfurata ba a ce na daina ba.

Baba manomi ne. Ba mai kuɗi ba ne, amma rumbunansa uku ne a bayan gida, kuma gidanmu ake zuwa neman iri idan shuka ta zo wa mutum a hagunce. A ƙofar gidanmu ake ciyayya. Da an idar da magariba mazan unguwa za su shimfiɗa tabarmi, kowa a fito masa da tuwon gidansa, a haɗa a ci tare, mai miyar kuka da mai miyar kuɓewa duk hannu ɗaya. Akushin Baba wani baƙi ne mai faɗi da ya gada, kuma shi ake fara buɗewa. Na tashi ina jin hayaniyar mutanen nan ta kan katanga, da dariyarsu, da gardamarsu a kan wanda ya fi iya huɗa. Wallahi har yau idan magariba ta yi nakan ji kewar wannan hayaniya.

A shekarar da nake ba da labari, marka ta sauka kwana biyu ba ƙaƙƙautawa. Rana ta uku da hantsi ƙoramar da ke arewa da gari ta ɓalle, ruwa ya bi ta tsakiyar gidaje. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma ɗakuna sun zube, awaki sun tafi, rumbuna kuwa sai ka ga sun durƙusa cikin laka, dammunan gero suna yawo a kan ruwa. Ga shi tsakiyar damina ce, lokacin da tsohon hatsi ya ja baya, sabo bai nuna ba. A gidanmu rumbu biyu suka faɗi, ɗaya ya tsaya cak. Duk wanda ya zo jaje sai ya dubi wannan ɗayan ya ce, "Malam, Allah ya bar maka na rufin asiri." Baba ya ce, "Alhamdu lillahi."

Bayan kwanaki wata ƙungiyar agaji ta iso da motoci cike da buhunan gero da masara, da man girki, da tabarmi. Suna neman 'yan gari masu ilimi su taya su aiki, makaranta kuma tana hutu, sai na ba da sunana. Shugabar tawagar wata Hajiya ce 'yar Kano, doguwa, mai gilashi, ba ta wasa da aiki ko kaɗan. Tsarinsu a fili yake. A taru a ƙofar gidan mai gari, magidanci ya shiga layi, ya faɗi abin da ya rasa, a rubuta sunansa, ya dangwala yatsa, ya ɗauki rabonsa. Ni ce mai rubutawa. Na sha sabon mayafi, ga biro a hannu, ina jin kaina kamar ni na kawo motocin.

Baba kuwa shi ne ɗan jagoransu. Da sandarsa ya zaga da su lungu-lungu cikin taɓo, yana cewa, "Hajiya, wannan gidan marayu ne, a fara da su. Wancan tsohon ba zai iya tsayuwar layi ba, a kai masa." Ya sa an rubuta kusan rabin gari. Da layi ya ƙare, na ɗaga kai na hango shi tsaye a gindin dalbejiya tare da sauran dattawa. Maimakon in tashi in je in durƙusa in yi masa magana a hankali, sai na ɗaga murya daga inda nake zaune, a gaban mai gari, a gaban liman, a gaban yaran da ya yi wa huɗuba ranar suna.

"Baba, gidanmu fa? Ai mu ma rumbu biyu muka rasa. Ka zo ka dangwala."

Kowa ya juya yana kallonsa. Baba ya dube ni, ya yi wani murmushi da ban fahimce shi ba sai daga baya, ya ce, "Uwata, rubuta masu buƙata. Mu akwai rufin asiri."

Hajiya ta ce ai dama ƙa'ida ita ce wanda rumbunsa ke tsaye ba a sa shi sai in shi ya nema. Na rufe littafi. Har cikin raina na yarda da shi, don ni ma wannan rumbun nake kallo. Yanzu idan na tuna yadda na kira shi a bainar jama'a, sai in ji kamar in nutse. Ni na rufe masa ƙofar da hannuna, don bayan wannan magana tasa ko zai mutu ba zai dawo ya ce yana so ba.

Aiki ya ci gaba a ƙauyukan kewaye, nakan biya gida in gaishe su in wuce. Kullum da hantsi ina jin tashin daka daga tsakar gidanmu, sai hankalina ya kwanta. Abu ɗaya na lura da shi, Inna ba ta barina in wuce zaure sosai. Da na yi sallama za ta fito da buta da tabarma ta tare ni a inuwar ƙofa, ta ce ciki duk laka ce. An kuma ce mini Baba ya daina fitowa ciyayya, wai ƙafa ke damunsa. Mutumin da ya zaga gari da ƙafar nan cikin taɓo! Amma ban kawo komai a raina ba.

Wata safiya zan wuce, sai Iya ungozoma ta yafito ni. Ita ce ta yanke cibiyar kusan duk wanda ke garin, har da ni, kuma katangarta ɗaya da tamu. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, idonta ya fara rauni, amma bakinta ya fi nawa kaifi. Ta kama hannuna ta ja ni jikin katanga.

"Ke malamar boko, tsaya nan ki saurara. Me kike ji?"

Na ce, "Daka mana, Iya. Inna ce ke daka."

Ta ce, "Kayya! An yi asarar kuɗin makaranta. Ke da kika tashi a gindin turmi ba ki san kukan turmin da ke da hatsi ba? Mai hatsi nishi yake yi, taɓarya ta nutse. Wannan ƙara yake, katako ne ke dukan katako. Yau kwana tara ina jin sa, kuma ban ji an yi tankaɗe ko sau ɗaya ba."

Ban yi sallama ba na kutsa cikin gida. Na tarar da Inna tsaye ita kaɗai, zufa ta jiƙa mata riga, tana ɗaga taɓarya tana saukewa. Na leƙa turmin. Ƙaiƙayi ne, ɗan tafin hannu, ya riga ya zama gari tsabar daka. A gefe ga ƙwarya cike da dafaffiyar tafasa, ko ƙuli babu a ciki. Ƙannena biyu mata suna zaune a bakin ɗaki, wuyansu ya yi tsawo.

Inna ta jingine taɓarya, ta kau da kai, don ita ba ta haɗa ido da 'yar fari. Ta ce da bango, "Wa ya ce a shigo?"

Na wuce bayan gida, na kafa tsani jikin rumbun nan da kowa ke taya mu murna a kansa, na ɗaga murfin. Wani wari ya buge ni har sai da na kusa faɗowa. Ashe ruwa ya shige shi ta wata tsaga a ƙasa, geron ya kumbura, ya tsiro, ya ruɓe baƙi ƙirin. Baba ya gani tun ranar farko, ya shafe tsagar da laka, ya mayar da murfi, ya yi shiru. Inna kuma ta ɗauki nata rabon na rufin asirin, kullum ta daka ƙaiƙayi don maƙwabta su ji gidan Malam ana daka. Na zauna a kan tsanin nan na yi kuka kamar ƙaramar yarinya.

To, a nan halin nawa ya motsa. Na hau babur na koma Daura, na faɗa wa maigidana, shi kuma bawan Allah ya buɗe ɗakin ajiyarmu ya ce in ɗauki buhu. Da la'asar na dawo da shi a bayan babur, na sa aka dire shi a ƙofar gida, ido na ganin ido. Baba ya fito daga zaure. Ya rame, rigarsa tana lilo a jikinsa. Ya dubi buhun, ya dube ni.

"Daga ina?"

"Daga gidana, Baba. Na ga rumbun. Don Allah ka bar wannan abin haka, yaran nan yunwa suke ji!"

Bai ɗaga murya ba, shi dama ba ya yi. Ya ce, "Ki gaishe da mijinki, Allah ya yi masa albarka. Amma ban kai lokacin da zan ci daga hannun suruki ba." Nan take ya kira mai babur ɗin, ya ce a kai buhun gidan wata bazawara mai marayu a bayan masallaci. Ina tsaye ina kallo aka tafi da shi. Na ji haushin Baba a ranar kamar in fashe. Na ce a raina wannan wane irin girman kai ne? Sai da na girma na gane ba girman kai ba ne. Mutum ne da duk rayuwarsa hannunsa ke sama, abin da ya rage masa ke nan bayan ruwa ya tafi da sauran, ni kuma sau biyu ina neman fizge shi a gaban mutane.

Washegari na samu Hajiya na zayyana mata komai, ina yi ina share hawaye da bakin mayafi. Ta cire gilashi ta ce, "Malama, ni ba ni da ikon ajiye wa mutum buhu bai nema ba, bai dangwala ba. Kayan nan amana ne, za a tambaye ni." Har na buɗe baki zan faɗi wadda ba ta da daɗi, sai ta ce, "Amma kai ni wurin tsohuwar nan mai kunne."

A ɗakin Iya aka yi zaman, a kan wata tsohuwar tabarmar kaba. Hajiya da duk iliminta ta cire takalmi ta durƙusa ta gaishe ta, abin da ya sa na fara ganin girmanta ke nan. Ta ce, "Iya, mun yi rabo mun ɗauka mun gama. Ashe akwai waɗanda muka tsallake?"

Iya ta ce, "'Yar nan, ku kun iya kawo hatsi, amma ba ku san mutane ba. Wanda ya saba karɓa shi ke shiga layi. Wanda ya saba bayarwa sai dai ku ji an yi jana'izarsa. Ba gidan Malam kaɗai ba ne." Ta shiga lissafo su da yatsu. Gidan wanzami, inda hayaƙi ya daina tashi da rana. Gidan wani tsohon mahauci da matarsa ta daina zuwa aron rariya. Har gida shida, kuma duk gidajen da a da ake zuwa ci ne.

Hajiya ta ce, "To yaya za mu yi su karɓa?"

Iya ta ce, "Ba za su karɓa ba. Sai dai ku roƙe su."

Ta yi mana bayani. Garin yana buƙatar aiki, lambatun da ruwa zai bi ya cushe, dangogi sun kwanta, ɗakunan tsofaffi suna buƙatar tokari. A kira gayya, wato samari da magidanta su fito aikin taimakon juna ba lada sai abinci, kamar yadda aka saba tun kakanni. Masu gayya kuma dole a dafa musu. Sai a roƙi waɗannan gidaje shida su ɗauki nauyin girki, a kai musu hatsin a matsayin na masu aiki. "Gidan da aka ɗora tukunya kuwa," in ji Iya, "babu mai tambayar ko 'ya'yan gidan sun ci. Kuma mai tuƙa tuwo ba a auna mata gari."

Hajiya ta ce a tsarinsu akwai ciyar da masu aikin gyaran gari, amma sai ta nemi izini. Ina iya tuna ta tsaye a kan tudun bayan gari, inda nan ne kaɗai waya ke kamawa, iska na kaɗa mayafinta, tana ta fama da na sama da ita, hannu ɗaya yana sara iska. Ta fi rabin sa'a. Da ta sauko ta ce mini, "An yarda. Amma ke, Malama, bakinki alaikum. Wannan karon ba ke za ki yi magana ba." Na ce na ji, kuma na cancanci fiye da haka.

Mai gari da liman ne suka je wurin Baba bayan azahar. Ni ina laɓe a bayan ƙyauren zaure. Mai gari ya ce, "Malam, alfarma muka zo nema. Baƙin nan sun ba da hatsin gayya, amma ba kowane gida za a ba amanar ciyar da mutum talatin ba. Mun duba, in ba gidanka ba, ba mu ga inda za a fara ba. Mun san nauyi ne."

Baba ya ce, "Aikin gari ai ba a ƙin sa. A kawo."

Ranar da aka fara, tun da sassafe matan unguwa suka cika gidanmu. Turmi uku aka jera. 'Yan mata suka kama lugude, suna jefa taɓarya sama suna tafawa kafin su cafe. Iya na zaune a kan kujerar tsakar gida, ta karkata kunne, ta ce, "Yauwa! Yanzu na ji nishi." Inna ta ɗaure ɗankwali tamau tana ba da umarni, a wanke wannan, a ƙara wuta a can, kai ka ce biki take yi. Na ga ƙannena a bayan ɗaki kowacce da ƙwaryar fura, ba mai ce musu komai. Maza suna can cikin lambatu da shebur da kwanduna, mai kalangu yana zuga su, ma'aikatan Hajiya ma sun naɗe ƙafar wando sun shiga, laka har gira. Makiyayan da ke rugar gabas, waɗanda ruwan bai taɓa su ba, suka riƙa aiko da nono kullum ba wanda ya roƙe su.

Da magariba ta yi, na tsaya a zaure ina leƙe. Sai ga ƙanwata ta fito da baƙin akushin nan a ka, ta dire a kan tabarma. Baba ya fito, babu ɗingishi babu komai, ya zauna a mazauninsa, ya buɗe, ya ce, "Bismillah, ku matso." Wani abokin wasansa ya ce, "A'a, Malam, ƙafa ta warke ke nan?" Baba ya ce, "Ta ji labarin kuna cinye tuwo ba ni." Aka kwashe da dariya. Ni kuwa na toshe baki da mayafi don kada a ji kukana.

Haka girki ya riƙa zagayawa gidajen nan shida, kuma kowane gida aka kai hatsi ba a zuwa neman ragowa. Aikin da gaskiya mako ɗaya ya ishe shi, sai ya ƙi ƙarewa. Yau a ce lambatu bai yi zurfi ba, gobe a ce a ƙara masa faɗi, jibi a tuno da wata danga a ƙarshen gari. Mai gari ya san dalili, Hajiya ta sani, samarin ma ina jin sun gane, amma ba wanda ya taɓa furtawa. Ba a tashi gayyar nan ba sai da gero ya nuna, yara suka fara gasa tumu a bakin gonaki. Ranar da tawagar za ta tafi, Hajiya ta rungume Iya, Iya kuma ta damƙa mata ƙullin daddawa ta ce ta kai wa mutanen Kano su ji yadda ake yin ta.

Shekaru suka wuce, ba mu taɓa tayar da maganar da Baba ba. Na ɗauka har ga Allah mun yi masa dabara bai gane ba, har ina ɗan jin daɗin wayonmu. Sai a ciwonsa na ƙarshe, wata la'asar ina zaune kusa da shi ina yi masa fifita, ya buɗe ido ya ce, "Uwata."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Lambatun nan naku yana nan?"

Na ce yana nan, ko bara shi ya ɗauke ruwa.

Ya yi 'yar dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Dole ya ɗauka, lambatun da aka yi wata guda ana haƙa. Ni da aka haifa cikin gayya, na tsufa cikinta, yini ɗaya na san ana yi, in ta yi tsawo biyu. Ban taɓa ganin gayyar da ta kai tumu ba sai taku."

Mafici ya tsaya a hannuna. Na ce, "Ashe ka sani, Baba?"

Ya ce, "Tun mai gari bai rufe baki ba. Amma na ga gari guda, har da baƙi, sun haɗu suna wahala don kada in ji kunya. In na nuna na gane, ai na zubar musu da aikinsu. Kun rufa mini asiri, ni ma sai na rufa muku." Ya kama hannuna ya ce, "Allah ya rufa muku asiri duniya da lahira, ke da tsohuwar nan da baƙuwar nan."

Bai ƙara mako biyu ba Allah ya karɓi abinsa. Iya ta riga shi da shekara uku. Hajiya kuwa ban sake ganinta ba, ko tana raye ko ta rasu, Allah ya saka mata. Baƙin akushin yana ɗakina, ba na cin abinci a cikinsa. Yanzu injin niƙa ya shigo ƙauyenmu, turmi ya yi ƙaranci, ban san da me ungozomar yau za ta gane gidan da ya kwana da yunwa ba, kuma wannan yana damuna.

Abin da na koya shi ne, kai wa mutum abinci ba shi ne wahala ba, ko ni mai gaggawa na iya ɗora buhu a babur. Wahalar ita ce ka kai masa ta ƙofar da zai iya karɓa kansa a ɗage, kuma wannan ƙofar baƙo ba zai gan ta ba sai ya durƙusa ya tambayi na gida. Tun daga lokacin, duk sanda na tashi taimakon wani, nakan fara kama bakina, in tsaya jikin katanga tukuna in saurara.